Niyurofidbak: horar da ƙwaƙwalwa da na'ura, da abin da ya kamata ku sani kafin ku biya kuɗi

Niyurofidbak wata hanya ce ta horo da ake manna wa mutum 'yan ƙarafa masu kama da maɓallin riga a fatar kai, na'ura ta riƙa ɗaukar motsin lantarkin da ƙwaƙwalwarsa ke fitarwa, ta nuna masa nan take a fuskar kwamfuta, domin ya koyi sauya wannan motsi da kansa. Babu allura, babu shan ƙwaya, babu tiyata. Shi ya sa tallarsa ke saurin shiga zuciya, musamman ga gidan da aka shekara ana ɗawainiya da mai farfaɗiya, ko yaron da ya kasa zama wuri ɗaya, ko wanda barci ya ƙaurace wa idonsa tun daren da aka kawo hari ƙauyensu.

A garin Kusa da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya, labarin magani yana isowa ta inda kaya ke isowa: ta Katsina da Kano, ko ta Ɗan Isa da Maraɗi. Yanzu wayar hannu ta zama hanya ta uku, kuma ta fi sauran gudu. Za ku ci karo da bidiyon yaro da wayoyi a ka yana kallon wasa, a ce an gyara masa ƙwaƙwalwa ba tare da magani ba. Akwai gaskiya a cikin lamarin, domin mutum yana iya koyon sauya kaɗawar ƙwaƙwalwarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne ko wannan sauyi yana warkar da ciwon da ya kai shi wurin. A nan hujjar ba ta kai ƙarfin tallar ba.

Wane lantarki ne a cikin kai?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma suna isar wa juna saƙo ne da ɗan tartsatsin lantarki da sinadarai. Idan dubbansu suka motsa tare, ana iya jin alamar a fatar kai. Alamar ƙarama ce ƙwarai. Batirin tocila ɗaya yana da ƙarfin bolt 1.5, amma abin da ake ɗauka a kan mutum ana auna shi ne da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara naɗar wannan motsi a jikin mutum a 1924, ya wallafa sakamakon a 1929. Daga nan aka samu gwajin da ake kira EEG, wanda asibitoci ke amfani da shi har gobe.

Abin da na'urar ke zanawa layuka ne masu hawa da sauka, ana rarrabe su da yawan kaɗawarsu a sakan ɗaya. Mafi nawa, ƙasa da sau 4, ita ce delta, ta barci mai nauyi. Daga 4 zuwa 8 ana kiran ta tita, tana yawaita idan gyangyaɗi ya fara ɗaukar mutum. Daga 8 zuwa 12 alfa ce, wadda ke bayyana idan kuka rufe ido kuna farke, jiki a sake. Daga 13 zuwa 30 kuma bita, ta lokacin da hankali ke kan aiki.

Ku ɗauka mutum ne yake tsaye a bayan katanga yana jin mata suna lugude. Zai gane dakan da sauri ake yi ko a hankali, zai gane idan taɓarya ɗaya ta saɓa wa sauran, amma ba zai san gero ne a turmin ko dawa ba. Haka EEG yake. Yana jin salon bugun, ba ya karanta tunani, ba ya ganin sirrin zuciya, kuma ba ya nuna aljani ko sammu.

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa da niyurofidbak, gara a raba su tun yanzu. Gwajin EEG na asibiti bincike ne, ana yin sa don a gano ciwo, ba horo ba ne. Jona lantarki a kai da ake yi wa wasu masu tsananin ciwon damuwa a asibitin ƙwaƙwalwa magani ne daban, ana yin sa bayan an sa mutum barci, kuma shi wuta yake shigarwa. Niyurofidbak na asali ba ya shigar da komai cikin kai, saurare kawai yake yi. Sai kuma na'urar nan da ake yawo da ita kasuwa-kasuwa, a ba mutum wani ƙarfe ya riƙe, cikin minti ɗaya kwamfuta ta jero masa cututtuka goma sha. Wannan ba ta da alaƙa da ko ɗaya daga cikinsu, kuma sakamakonta ba abin dogaro ba ne.

Yadda zaman horon yake

Mutum zai zauna a kujera yana fuskantar kwamfuta. A goge wuraren da za a manna ƙarafan, a shafa wani mai danƙo, a ɗora ɗaya ko biyu a ka, wani a kunne. Wasu wuraren hula suke sa wa mutum mai ƙarafa 19 ko fiye. Sai a kunna fim ko wasa. Idan ƙwaƙwalwa ta fitar da irin kaɗawar da ake so, hoton ya yi haske, ko motar wasan ta ci gaba da gudu, ko a ji wani ɗan sauti. Idan ta kauce, hoton ya dushe. Ba wanda zai ce wa mutum ga yadda zai yi. Ana sa ran ƙwaƙwalwar ce za ta lalubo hanyar da kanta, saboda tana samun tukuici duk lokacin da ta dace.

Irin wannan koyo ba baƙo ba ne a wurinmu. Yarinyar da ke ɗaukar tulu a ka ba ta riƙe ba, tambaye ta wace tsoka take ɗaurewa, ba za ta iya faɗa ba. Tulun ne ya koya mata: ya karkata ta gyara, ya zauna ta ci gaba, har jiki ya haddace. Bambancin kawai shi ne ita tana jin tulun, mu kuwa ba ma jin kaɗawar ƙwaƙwalwarmu, sai na'ura ta zame mana madubi.

Zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa awa guda. Akan yi sau biyu ko uku a mako, kuma yawancin masu yin sa suna neman zama 30 zuwa 40 kafin a ce an kammala. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Illolinsa ba su da yawa: gajiya, ciwon kai, wani lokaci rikicewar barci ko saurin fushi na 'yan kwanaki. Akwai kuma mutane da dama da ko an yi musu zaman duka ba sa iya sauya kaɗawar, kuma ba laifinsu ba ne. Wata matsalar ita ce ƙiftawar ido da cije haƙora suna fitar da lantarkin da ya ninka na ƙwaƙwalwa. Idan mai kula da na'urar bai ƙware ba, yaro zai iya shafe wata uku yana koyon sassauta muƙamuƙinsa, ana cewa ƙwaƙwalwa ake horarwa.

Asalin abin

A ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Joe Kamiya, ya nuna cewa mutane na iya gane lokacin da ƙwaƙwalwarsu ke fitar da alfa, har su ƙara ta idan ana ba su alama da sauti. Amma labarin da ya ja hankalin likitoci na Barry Sterman ne, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles. Shi kyanwoyi ya horar. Duk lokacin da kyanwa ta fitar da wata kaɗawa ta sau 12 zuwa 15 a sakan daga sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi, sai ya ba ta abin lasa, har suka iya. Daga baya aka ba shi aikin binciken illar wani man roka da ke sa jijjiga. Da ya gwada shi a kan kyanwoyi, sai ya lura waɗanda ya taɓa horarwa sun fi sauran jurewa kafin jijjigar ta kama su. A 1972 ya wallafa rahoton wata mai farfaɗiya da faɗuwarta ta ragu bayan irin wannan horo. A 1976 kuma Joel Lubar na jami'ar Tenesi ya fara gwada shi a kan yaro mai ƙiriniya da rashin natsuwa.

Wato abin ya haura shekara hamsin. Wanda ya ce muku sabuwar fasaha ce da ba ta daɗe da fitowa ba, ko dai bai sani ba, ko yana so ku ɗauka shi ya sa ba ku ji ta a asibiti ba. An daɗe ana gwada ta, kuma ga abin da gwajin ya nuna.

Yaro mai ƙiriniya da rashin natsuwa

Wannan lalura, da likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD, ita aka fi yin bincike a kanta, don haka ita ce ma'auni mafi kyau. Binciken farko-farko ya ba da sakamako mai daɗi: iyaye suna cewa yaro ya natsu. Sai dai iyayen sun san an yi wa ɗansu horo, sun kashe kuɗi, sun sa rai. Ba ƙarya suke yi ba, amma ido yakan ga abin da zuciya ke jira. Da aka koma tambayar malaman makaranta da ba su san wane yaro aka yi wa ba, sai amfanin ya ragu ƙwarai.

Don a raba gardama, masu bincike suka ƙirƙiro horon bogi. A raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Duka a manna musu ƙarafa, duka su kalli wasa, duka a yaba musu. Amma rukuni ɗaya wasan yana bin ƙwaƙwalwarsu da gaske, ɗayan kuwa yana bin wani naɗi ne da aka ɗauka tun da farko daga kan wani yaron. Yaran ba su san rukuninsu ba, iyaye ba su sani ba, mai kula da su ma bai sani ba. Wani babban bincike irin wannan da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2021, ya haɗa yara sama da 140 'yan shekara 7 zuwa 10, kowanne zama 38. Rukunin biyu duka sun samu sauƙi sosai, kuma babu wani bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu. A 2017 an samu irin wannan sakamako a kan manya a Tubingen ta Jamus. A ƙarshen 2024 wasu masana suka tattara bincike 38 da suka ƙunshi mutum 2,472, suka kammala cewa idan aka dogara da rahoton waɗanda ba su san wa aka yi wa horon ba, babu wani amfani mai ma'ana da ya bayyana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma, a ƙa'idojinta na 2019, ta sa shi cikin hanyoyin da hujjarsu ba ta isa a ba da shawarar yin su ba.

Ni a ganina darasin da ke cikin wannan ya fi na'urar daraja. Yaran horon bogi sun samu sauƙi da gaske. Me aka yi musu? An zaunar da su wuri ɗaya sau da yawa a mako, a lokaci sananne, babban mutum yana tare da su, hankalinsa duka a kansu, yana yaba musu nan take duk lokacin da suka yi daidai. Wannan kuwa ba sai da kwamfuta ba. Shi ne ginshiƙin horon da ake ba iyaye, wanda shi ake fara ba da shawara ga yaron da bai kai shekara 6 ba: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, gajere, ana kallon idon yaro, yabo a take idan ya cika, aiki a gutsuttsura shi, lokacin barci da na cin abinci kada ya riƙa sauyawa. Duka ba ya gyara wannan lalura, yakan ƙara mata tsoro ne a kai. Ga yaran da suka girma akwai magani irin su metilfenidet, wanda hujjarsa ta fi ta niyurofidbak ƙarfi nesa ba kusa ba, amma likitan ƙwaƙwalwa ko na yara ne kaɗai ke rubuta shi bayan ya tantance.

Kafin ma a kai nan, a yankinmu akwai tambayoyin da suka riga wannan. Yaron yana ji sosai? Sanƙarau da ciwon kunne mai ruwa suna barin kurumta da ba a lura da ita, a riƙa cewa yaro ba ya jin magana alhali maganar ce ba ta isa kunnensa. Yana ganin allo? Jininsa ya isa? Ya karya kafin ya tafi makaranta? Yana da sikila? Ya ga abin da ya firgita shi? Akwai kuma wata irin farfaɗiya ta yara da ba a faɗuwa: yaro ya yi tsai, ya ƙura ido na 'yan sakanni, a kira shi bai amsa ba, sai ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, kuma yana iya yin haka sau da dama a yini. Malam zai ce sakarci ne ko rashin mai da hankali. Gwajin EEG yana nuna ta ƙarara, da wani zane na musamman mai kaɗawa sau 3 a sakan, kuma tana jin magani. Ga wannan yaro, wayoyin da yake buƙata a kansa na bincike ne, ba na horo ba.

Farfaɗiya

A nan ne kuskure ke iya cin rai, don haka ku karanta a tsanake. Bayan Sterman, wasu sun ci gaba da gwada horon a kan masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, cikinsu har da Niels Birbaumer da abokan aikinsa a Jamus. An samu rahotannin raguwar faɗuwa. Amma binciken ƙanana ne, yawanci babu rukunin bogi, kuma mahalartan suna ci gaba da shan maganinsu a lokacin. Ba a gwada shi a matsayin madadin magani ba, kuma ba madadin ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samun sa. Matsalarmu kenan. Ba na'ura muka rasa ba, maganin da aka daɗe da sani ne ba ya isa ga mai shi, ko ya isa a sha wata biyu a ajiye. Fenobabiton, kabamazefin, sodiyam balfuret da lebetirasetam duk ana samun su a Najeriya. Sharaɗinsu a sha kullum, a kan lokaci, shekara da shekaru, kuma likita ne ke rage su sannu a hankali idan lokaci ya yi. Tsayar da su farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Duk wanda ya ce ku ajiye magani domin horon ya kama, ku tashi ku bar wurinsa. Mace mai shan sodiyam balfuret da ke shirin ɗaukar ciki ta ga likita tun kafin cikin, domin yana iya cutar da jariri, amma ita ma kada ta daina da kanta.

Abubuwan da ke haddasa ciwon a nan sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, doguwar naƙuda da jariri ya sha wuya, buguwar kai a hatsarin babur. A ƙara da taramol, wanda ke yawo a garuruwan bakin iyaka. Yana sa jijjiga ko ga wanda bai taɓa yi ba, balle mai farfaɗiya. Saurayin da ya fara faɗuwa da girmansa, a tambaye shi wannan a keɓe, ba a gaban mahaifinsa ba.

Idan likita ya tura ku gwajin EEG, ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A wanke kai, kada a shafa mai, mata su tsefe kitso, kuma ba laifi ku nemi mace ta manna wa mace ƙarafan idan akwai. Ku sani kusan rabin masu farfaɗiya gwajinsu na farko yakan fito lafiya lau, saboda ba kowane lokaci alamar ke bayyana ba. Bayanin wanda ya ga faɗuwar da idonsa, ko bidiyon da aka ɗauka da waya, sau da yawa ya fi gwajin amfani ga likita. A lokacin faɗuwa kuwa, a kwantar da mutum ta gefe, a janye wuta da ruwa daga kusa da shi, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai. Yawunsa ba ya yaɗa ciwon. Idan ta wuce minti 5, a nufi asibiti.

Firgici da rashin barci

Jama'ar Jibiya ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da hare-haren 'yan bindiga suka bari. Akwai waɗanda suka koma cikin gari, akwai waɗanda suka tsallaka jihar Maraɗi, akwai waɗanda suka dawo daga daji bayan an biya kuɗin fansa, jiki ya dawo amma hankali yana can. Ƙarar babur da dare ta sa gaba ya faɗi, mafarki ɗaya yana ta maimaituwa, mutum ya ƙi bin wata hanya, ya zama mai saurin hasala. Idan wannan ya wuce wata guda yana hana harkokin yau da kullum, ciwo ne mai suna a likitance, ba raunin imani ba ne, kuma ana maganinsa.

A wannan fanni niyurofidbak ya ɗan fi ba da fata. Wasu ƙananan bincike sun nuna sauƙi, kuma a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, takwarar NAFDAC, ta amince da wata na'ura mai suna Prism a matsayin ƙari a kan sauran magani ga masu wannan ciwo. Ku lura da kalmar ƙari. Binciken da aka dogara da shi kuma ba shi da rukunin bogi, ga shi mun ga abin da ya faru da ADHD da aka saka wannan rukuni. Game da rashin barci an riga an yi gwajin: a Salzbag ta ƙasar Ostiriya, a 2017, marasa barci sun ce sun ji sauƙi da horon gaske, sun ce sun ji sauƙi daidai haka da na bogi, da aka auna barcin nasu da na'ura kuwa bai sauya ba.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba da shawara ga mai firgici shi ne zama da ƙwararre a bi abin da ya faru daki-daki cikin tsari, har tunawa da shi ya daina tayar da jiki, wani lokaci tare da maganin damuwa. Ta kuma yi gargaɗi a kan ba wanda bala'i ya afka wa kwanan nan ƙwayoyin sa barci irin su baliyam, domin ba sa warkarwa, ga saurin kama jiki. Ƙofar shiga ita ce babban asibitin Jibiya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, daga nan a tura ku gaba idan da buƙata, zuwa Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko Barnawa. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya fara maganar gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Lissafin hanya

Niyurofidbak ba ya cikin abin da asibitin gwamnati zai fara ba ku. Inda aka fi samun sa asibitocin kuɗi ne na manyan birane da ƙasashen waje. Mu ƙaddara ma a Kano ake yi. Daga Jibiya zuwa Katsina ya haura kilomita 40, daga Katsina zuwa Kano kimanin 170. Zuwa da dawowa ya wuce kilomita 400, sau 40 ya zama sama da kilomita 16,000, da marar lafiya da ɗan rakiya, ban da kuɗin zaman kansa, ban da gona ko shagon da aka rufe. Hanyar kuma ba kullum take a buɗe ba. Wanda ke tsallakowa daga Maraɗi ya tuna yadda aka rufe iyaka a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Maganin da za a iya ajiye na wata biyu a gida yana jure irin wannan, horon da sai an je sau uku a mako ba ya jurewa. Sayar da akuya ko buhun gero don abin da aka gwada aka ga bai fi na bogi ba, ba zan ba ɗan'uwana wannan shawara ba.

Wanda yake da hali, an riga an gano ciwonsa, yana kan maganin da ya dace, yana so ya ƙara da wannan, ba a hana shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Sai dai ya tambaya: mai yin aikin likita ne ko masanin halayya mai rajista, kuma ina shaidarsa? Wace kaɗawa za a horar, a wane sashe na kai, don me? Zama nawa, nawa ne jimillar kuɗin tun daga farko? Da me za a auna ci gaba ban da taswirar nan mai launi-launi da kwamfuta ke bugawa? Taswirar tana da kyan gani, amma ba a gano ADHD ko ciwon damuwa da ita kaɗai, kuma lafiyayyu da yawa za a ga ja da shuɗi a tasu. Ma'aunin gaske shi ne sau nawa aka faɗi a wata, awa nawa aka yi barci, me malamin aji ya ce. Ku rubuta waɗannan a littafi kafin a fara. Mai farfaɗiya ya sanar da su tun farko, domin kaɗan daga cikin masu ciwon hasken da ke walƙiya yana tayar musu da shi. Wurin da aka ce na'ura ɗaya tana maganin farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da rashin magana da shaye-shaye gaba ɗaya, kasuwa ce. Haka ɗamarar kai da ake sayarwa a intanet ana haɗa ta da waya, kayan motsa sha'awa ce, ba kayan asibiti ba.

Horon da ba ya buƙatar na'ura

Jiki yana da nasa madubin da kowa zai iya dubawa, wato bugun jini. Ku zauna, ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa har ku ji bugun. Ku ja numfashi ta hanci a hankali kuna ƙirga huɗu, ku sake shi kuna ƙirga shida, ciki ne zai riƙa tashi ba kafaɗa ba. Wannan ya kama numfashi 6 a minti. Idan kuka lura za ku ji bugun yana ɗan ƙara sauri lokacin ja, yana lafawa lokacin saki, kuma an fi jin haka a jikin matasa. Tsawaita sakin numfashi yana motsa jijiyar da ke rage gudun zuciya. Minti biyar zuwa goma, safe da dare, bayan sallar asuba da kafin kwanciya misali, ya isa a fara. Ba ya warkar da farfaɗiya ko firgici, amma yana taimaka wa mutane da yawa su sauko idan gaba ya faɗi, kuma yana sauƙaƙa shiga barci.

A hankali ake yi, ba da ƙarfi ba. Numfashi mai zurfi da sauri-sauri yana sa jiri, kuma ga yaro mai farfaɗiyar ƙura ido yana iya tayar da ita, har ma da gangan ake sa yara yin sa lokacin gwajin EEG don alamar ta fito. Idan kun ji kai yana juyawa ko yatsu suna tsira-tsira, ku dakata, ku koma numfashin da kuka saba.